Shekara shida olsa na hana ni barci: me kuke yi in ta tashi da tsakar dare?

Mai Ɗinki:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙarfe biyu da rabi na dare nake wannan rubutu, ina zaune a bakin gado, na naɗe filo na danna shi a ƙahon zuci. Shekara shida ke nan ina fama da olsa. Da rana in ina kan keke sai dai ɗan cizo-cizo, amma da zarar dare ya raba sai in ji kamar an zuba min garwashi tsakanin ƙirji da cibiya, wani lokaci har zafin ya ɓulla ta baya. In na ci biskit biyu ko na kurɓi madara sai ta lafa, in samu barcin awa biyu, ta sake dawowa. Na bar barkono, na bar duk abu mai tsami, na bar kofi, na bar soyayyen abu, abincina ya koma kamar na jinjiri. Kwalbar farin maganin nan mai kauri ba ta barin jakata. Don Allah waɗanda suka daɗe da ciwon nan, me kuke yi in ta tashi cikin dare? Wallahi na gaji.

Uwar 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ni in tawa ta motsa, ruwa mai ɗumi nake kurɓa kaɗan-kaɗan, in ƙara filo in ɗaga kaina sama, in kwanta ta gefen hagu. Kuma na daina cin abinci in wuce gado kai tsaye, sai na ba shi awa uku.

Direban Dare:
Sannu Hajiya. Mu da muke kwana a kan sitiyari mu muka san wannan ciwo. Maganinsa biyu ne kawai: madara mai sanyi, da kuma kada ki yarda cikinki ya zauna babu komai. Yunwa ce ke kawo olsa, ba wani abu ba. In ciki ya rasa abin da zai niƙa sai ya koma niƙa kansa. Shekarata goma sha ɗaya a haka, ga ni nan daram.

Dattijo:
'Yata, wa ya ce miki olsa ce?

Mai Ɗinki:
Baba, wani mai shagon magani ne. Na kwatanta masa yadda nake ji, ya ce ai olsa ce, ya ba ni omefrazol, ƙwayar nan ta rage asid ɗin ciki, da farin maganin. Tun daga nan in ta tashi sai in je in saya.

Anti Nas:
Tambayar Baba ita ce a bakina. Ƙanwata, amsa min guda biyu tsakani da Allah. An taɓa yi miki gwajin ƙwayar cutar nan ta ciki, na bahaya ko na numfashi? Sannan wane maganin ciwon jiki kike sha, kuma sau nawa a mako? Ki lissafo har wanda kike ganin ba komai ba ne.

Mai Ɗinki:
Ba a taɓa min wani gwaji ba, Anti. Maganin ciwon jiki kuwa, kin san aikinmu, wuni ake a sunkuye. Bayana da kafaɗuna kamar an yi min duka. Diklofenak nake sha da safe kafin in hau keke, kusan kullum. In aiki ya yi yawa na kan ƙara ibufrofen da yamma. Amma ai wannan na baya ne, me ya haɗa shi da ciki?

Anti Nas:
Innalillahi. Ƙanwata, kin bar barkono kin riƙe wuƙar. Bari in faɗa miki yadda abin yake.

Tumbin ɗan Adam yana fitar da asid mai ƙarfin gaske don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya hana asid ɗin cin naman tumbin shi ne wata majina mai kauri da ta shafe bangonsa, da wani sinadari mai kashe kaifin asid da ke cikin majinar, da kuma jinin da ke gudana sosai a bangon yana gyara duk inda ya ƙuje. Akwai wasu sinadarai a jiki, furostagilandin, su ne masu kula da wannan kariya. To su diklofenak, ibufrofen, asfirin, nafroksen, firoksikam, duk dangi ɗaya ne, kuma yadda suke kashe ciwo shi ne su hana jiki yin furostagilandin ɗin. Bayanki ya samu sauƙi, amma majinar ta yi siriri, asid ya samu nama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma ta cikin jini suke wannan ɓarna, ba don sun taɓa tumbi kawai ba. Shi ya sa ko allurarsu aka yi wa mutum bai tsira ba, kuma shan su bayan cin abinci yana rage zafin da ake ji ne, bai hana gyambo. Haɗa biyu a rana ɗaya kamar yadda kike yi ba ya ƙara kashe ciwo yadda kike zato, haɗarin ne yake ninkuwa. Ki ajiye su daga yau. Farasitamol ba ya cikin wannan dangi, shi za ki iya sha bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin, kada ki wuce. Na shafawa ma ya fi sauƙi ga ciki nesa ba kusa ba, don kaɗan ne ke shiga jini. Sauran kuma ki ga likita a kan bayan, a duba tsayin kujerarki.

Direban Dare:
Anti Nas da girmanki, ni fa ban yarda ba. Ni ba na shan diklofenak sai jefi-jefi, amma ranar da na wuni ban ci ba, ranar nake ganin tashin hankali. Jiki magayi. Ta yaya za a ce ba yunwa ba ce?

Mai Haɗa Magani:
Malam Direba, abin da kake ji gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. In kana da ƙurji a ƙafa ka zuba masa ruwan gishiri, zai yi zugi, amma ba gishirin ne ya yi ƙurjin ba. Haka yunwa take. In gyambon yana farkon ƙaramin hanji, daidai inda tumbi ke juye abin da ke cikinsa, to duk lokacin da ciki ya zama fayau asid zalla ne ke wucewa ta kansa. Shi ya sa yake tashi awa biyu zuwa uku bayan cin abinci, ya tashi da tsakar dare, ya lafa in an ci wani abu. Kwatancen Mai Ɗinki ke nan sak. Na cikin tumbi kansa kuwa sau da yawa abincin ne ke tayar da shi, har mutum ya riƙa tsoron ci ya rame. Amma ba a yanke hukunci da kwatance kaɗai, don alamomin suna cuɗanya.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, likitocin duniya ma sun shafe shekaru masu yawa suna cewa damuwa ce da yawan asid da abinci mai yaji. An yi ittifaƙi cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi. Sai wani likita mai duba nama a madubin ƙara girma a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren, ya fara ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a naman tumbin marasa lafiya a 1979. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji tana ƙi, ashe saurin zubar da farantan ake yi. A 1982 aka yi dogon hutu, faranti ya kwana biyar ba a taɓa ba, aka dawo aka tarar ta tsiro. Duk da haka manyan likitoci suka yi musu dariya. A 1984 Marshall ya ɗebi ƙwayar ya shanye da kansa. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya riƙa wari, aka leƙa cikinsa aka ga tumbin da ke lafiya lau a baya ya kumbura. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori.

Dabararta ita ce tana nutsewa cikin majinar nan da Anti Nas ta faɗa, tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya ya kashe asid ɗin da ke kewaye da ita, ta zauna abinta shekara da shekaru tana raunata bangon. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara suka kama, ta baki ko ta gurɓataccen ruwa da abinci. Mafi yawansu ba sa jin komai har su mutu, kamar ɗaya cikin goma ko sama da haka kaɗan ne ke yin gyambo. Ita da magungunan ciwon jikin nan su ne suka kwashe mafi yawan olsar da ake gani.

Direban Dare:
Wato mutum ya ɗebi cuta da hannunsa ya sha? Kai, neman suna ma dai wahala ne. To madara fa? Kada ku ce ita ma ƙarya ce, don ni shaida ne.

Mai Haɗa Magani:
Madara tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, babu musu. Amma furotin da kalsiyam da ke cikinta suna sa tumbi ya sake kwararo asid bayan nan. Ka duba abin da Mai Ɗinki ta rubuta da kanta: ta sha, ta yi barcin awa biyu, ciwo ya dawo. Tun 1915 wani likita a Shikago mai suna Bertram Sippy ya fito da tsarin ba masu olsa madara da kirim duk bayan awa ɗaya tare da garin kashe asid. An yi shekaru ana bi. Ciwon bai daina dawowa ba, wasu ma kalsiyam ya taru musu a jini ya taɓa ƙoda. Ban ce ka daina shan madara ba in tana maka daɗi, abinci ce mai kyau. Na ce dai kada ka kira ta magani.

Direban Dare:
Ku 'yan boko komai sai kun kawo sunan Bature da shekara. Shekara goma sha ɗaya ina sha ban mutu ba.

Dattijo:
Ba ka mutu ba, ba ka kuma warke ba.

Uwar 'Yan Biyu:
Baba ya gama magana, hhh. Amma ni ina da tambaya. Ni ba cizo nake ji ba, wani ruwa ne mai ɗaci yake taso min har maƙogwaro, ga gyatsa, ga ƙuna a ƙirji in na sunkuya ko na kwanta. Ita ma olsa ce?

Anti Nas:
Wannan ya fi kama da ƙwannafi, wato asid ne ke tsallake ƙofar tumbi ya hau bututun abinci. Shi ya sa ɗaga kai da kwanciya ta hagu suke miki aiki. Kin ga matsalar ke nan, mun mai da kalmar olsa buhu, kowane ciwon ciki a ciki muke jefa shi. Ƙwannafi olsa, kumburin bangon tumbi olsa, tsakuwar matsarmama olsa. Mafi yawan waɗanda ake zura wa na'urar leƙa ciki saboda irin wannan ƙorafi ba a samun gyambo ko ɗaya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon zuciya. Na ga wanda ya kwana yana shan farin magani yana cewa olsarsa ce, ga zufa tana keto masa, ga nauyi a ƙirji yana sauka hannun hagu. Mai ciwon suga da tsofaffi da mata musamman, ciwon zuciyarsu yakan zo a ɓoye haka.

Ɗan Makaranta:
Ni fa ban gamsu a wanke damuwa tas ba. Duk lokacin jarrabawa cikina ke tashi, ana gamawa ya kwanta.

Mai Haɗa Magani:
Ba a wanke ta tas ba, ƙanena. Bayan girgizar ƙasar Kobe a Jafan a 1995 likitocin can sun ga ƙaruwar masu zuwa da gyambo mai zubar jini. Marasa lafiya da ke kwance rai a hannun Allah, kamar waɗanda suka ƙone sosai, su ma sukan yi gyambo saboda wahalar da jiki ke ciki. Amma kai ka duba me kake yi a makon jarrabawar: kofi kofi huɗu, barci awa uku, ciwon kai ya zo ka watsa ibufrofen a ciki babu abinci. In kana shan taba kuma ka ninka. Taba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna hana gyambo warkewa suna kuma sa ya dawo. Giya ma tana ƙona bangon.

Baƙuwa:
Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa magana ba, amma yau dole in yi. Maigidana haka ya yi ta fama, shi ma da maganin ciwon gwiwa kullum. Wata rana ya ce min bahayarsa ta koma baƙa. Muka ce ko wani abu ya ci. Kwana uku a haka. Ba baƙi irin na duhu-duhu ba, baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, da wani irin wari da ban taɓa ji ba, ko an kora ruwa sai ya bar shaida. Abin mamaki kuma a kwanakin cikin ma bai dame shi da ciwo ba, har yana cewa ya samu sauƙi. Rana ta huɗu da safe ya miƙe zai ɗauki takalminsa, sai na ga ya dafa bango, leɓɓansa sun yi fari fat, ya sulale. Da na taɓa hannunsa sanyi ƙalau, ga zufa. A mota ya yi amai, wani abu baƙi-baƙi mai gari-gari kamar tukar kofi. Leda uku na jini aka ƙara masa, aka zura na'ura ta baki aka tsayar da jijiyar da ke zuba. Likitar ta ce min jini ne tun ranar farko, asid ne ya dafa shi ya koma baƙi. Ni da nake jiran in ga ja kafin in san jini ne. Don Allah duk wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye.

Mai Ɗinki:
Subhanallahi. Jikina ya yi sanyi. Ya jikin nasa yanzu?

Baƙuwa:
Alhamdu lillahi, ya warke sarai. An samu ƙwayar cutar a cikinsa, ya sha maganinta, aka canza masa na gwiwa. Shekara biyu ke nan ko farin maganin babu a gidanmu.

Anti Nas:
Allah ya ƙara masa lafiya, kin kyauta da kika faɗa. Kuma abin da kika lura da shi gaskiya ne: masu shan maganin kashe ciwo sukan yi gyambo shiru, alamar farko ita ce jinin. A ƙara da waɗannan: ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya kamar an soka wuƙa, ciki ya ƙame kamar katako, mutum ba ya son ko motsi, wannan gyambo ne ya huda, tiyata ce ta gaggawa. Amai ba ƙaƙƙautawa bayan kowane abinci, rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, haki da jiri na ƙarancin jini. Da wanda ciwon ya fara masa sabo bayan ya haura shekara 55 ko 60. Waɗannan ba na shagon magani ba ne, a leƙa cikin.

Dattijo:
To ni asfirin ƙarami nake sha kullum, likitan zuciya ya ɗora ni. In ajiye?

Anti Nas:
A'a Baba, kada ka ajiye da kanka. Naka tsare jijiyar zuciya yake yi, barinsa kwatsam na iya jawo abin da ya fi olsa. Ka gaya wa likitan in ciki na damunka, sukan haɗa wa mutum da irin su omefrazol don kariya, su kuma gwada ƙwayar cutar. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka ɗora ibufrofen ko diklofenak a kansa. Haka duk mai shan maganin tsinka jini.

Mai Sirrin Lafiya:
Duk mai olsa ya same ni ta akwatin sirri, ina da haɗi na musamman, kwana uku ta tafi har abada, ba asibiti ba gwaji.

Shugabar Zaure:
Malam, ba a talla a nan, ka sani. Na bar wannan don jama'a su gani, na gaba zan goge in cire ka. A ci gaba.

Uwar 'Yan Biyu:
Ba talla ba, amma tsakani da Allah zuma da ruwan kabeji fa? Ana yawan faɗa.

Mai Haɗa Magani:
Kabeji yana da asali. A 1949 wani likita a Amurka ya ba mutum 13 ruwansa ya ce sun warke da wuri, daga nan labarin ya bazu. Mutum 13 ne dai, kuma tun kafin a san da ƙwayar cutar. Zuma tana hana ƙwayar girma a faranti a ɗakin gwaji, amma faranti daban, cikin mutum daban. In suna miki daɗi ki sha, in ba ki da suga. Ba za su maye gurbin maganin ƙwayar ba. Wanda nake roƙo a bari shi ne jiƙa hodar nan ta sa burodi ya tashi, wato bekin soda, a sha. Tana kashe asid nan take, amma gishirin sodiyam ne cike da ita, mai hawan jini ko ciwon ƙoda yana wasa da wuta, ga iska da take cika ciki da ita.

Farin maganin ma da sauran bayani. Mai aluminiyam yana ƙulle ciki, mai magniziyam yana sa gudawa, shi ya sa ake haɗa su. Kuma yana kama wasu magunguna ya hana su shiga jini, irin su ƙwayar ƙarin jini da sifrofuloksasin, sai a raba su da aƙalla awa biyu. Omefrazol kuwa ba na gaggawa ba ne. Mutane na jira sai ciwo ya tashi su haɗiya su ce bai yi aiki ba. Ana shan sa ne minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kullum, na tsawon mako 4 zuwa 8 yadda likita ya tsara. Wanda kuma ke da tsohon ranitidin, wani maganin rage asid, a durowa ya zubar, an janye shi daga kasuwa a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki.

Mai Gadi:
Ni an taɓa ba ni maganin ƙwayar cutar nan, kala uku. Ɗaya daga ciki ɗaci yake sa min a baki kamar na tsotsi ƙarfe, ko ruwa na sha sai in ji shi. Kwana biyar na ji garau, na ajiye sauran. Wata huɗu ciwo ya dawo, ya fi na da.

Anti Nas:
Ka kashe maciji ba ka sare kansa ba, Malam. Kilaritromaisin ne mai ɗacin nan, metronidazol ma yana yi. Kwana 14 ake so a cika cif. Waɗanda suka rage a cikinka su ne masu taurin kai, yanzu wataƙila wancan haɗin ba zai ƙara kama su ba. In ka koma ka faɗa wa likita ainihin abin da ka sha da ranar da ka tsaya, kada ka ji kunya, don ya canza maka wani haɗin.

Mai Ɗinki:
Na ji duka, na gode. Gobe zan je a yi min gwajin.

Mai Haɗa Magani:
Dakata Mai Ɗinki, kina kan omefrazol yanzu? In kina sha, gwajin na iya nuna babu alhali akwai, don maganin yana sa ƙwayar ta lafe. Ana so a yi mako 2 ba a sha shi ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Ki je wurin likitan goben dai, shi zai tsara miki ranar. Kuma ki nemi na bahaya ko na numfashi. Na jini yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne, ba ya bambance tsohon kamu da wanda ke nan yanzu.

Mai Ɗinki:
Mako biyu babu omefrazol? Kashe ni za ku yi.

Anti Nas:
Ba za ki mutu ba in sha Allah, tunda kin ajiye diklofenak rabin yaƙin ya ƙare. Farin maganin yana nan don dare, likita na iya ba ki famotidin ma, shi ma mai rage asid ne. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Kuma ki daina azabtar da kanki da abincin jinjiri. Babu jerin abincin da aka haramta wa kowane mai olsa. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda kika kwana, wanda ya tayar miki sau biyu sau uku ki bar shi, sauran ki ci abinki. Wani tumatir ne abokin gabarsa, wani lemon kwalba, wani ko barkono ba ya masa komai.

Mai Ɗinki:
Jama'a na dawo, yau mako uku da wancan dare. Gwajin bahaya ya nuna akwai ƙwayar. Jinina ma ya yi ƙasa kaɗan, don haka likita ya ce za a leƙa cikin. An ba ni magani kala huɗu na kwana 14, ƙwayoyin da nake haɗiya a rana sun haura goma, sai da na zana layi-layi a takarda na manna a jikin keke ina sokewa. Amma yau da safe na duba madubi na ga harshena ya yi baƙi, bahaya ma ta yi duhu. Labarin Baƙuwa ya faɗo min, hannuna har rawa yake.

Anti Nas:
Duba kwalayen, akwai wani magani mai suna bismut a ciki?

Mai Ɗinki:
Akwai. Da tetrasaikilin da metronidazol da omefrazol.

Anti Nas:
To bismut ne, yana baƙanta harshe da bahaya, yana wucewa in an gama. Ƙwayar ƙarin jini ma haka take yi. Na jini yana da danƙo kamar kwalta da mugun wari, ga jiri, ga bugun zuciya da sauri. In kin ga ɗaya daga waɗannan, ko kina kokwanto, asibiti nan take, kada ki tsaya rubuto mana. Tunda jininki ya ɗan yi ƙasa, ki kira likitan yau ki shaida masa ko da kina jin garau. Kuma tetrasaikilin ba ya shiri da madara ko farin maganin nan, suna kama shi su hana shi aiki, ki raba su da awa biyu zuwa uku. In kin gama, bayan aƙalla mako 4 ki koma a sake gwaji a tabbatar ta mutu, kada ki ce ai na ji sauƙi.

Mai Ɗinki:
Na kira shi, ya ce bismut ɗin ne, amma in zo jibi a sake duba jinin. Ba jiri ba komai. Kuma bari in faɗa muku, daren jiya tun ƙarfe goma na kwanta, ban farka ba sai da agogo ya buga. Na tashi na ga biskit ɗin da na ajiye a gefen filo yana nan yadda na bar shi.

Dattijo:
Madalla, 'yata. Kujerar fa?

Mai Ɗinki:
An ɗaga min ita Baba, na sa matashi a baya. Ciwon bayan bai tafi duka ba, amma farasitamol da na shafawa suna riƙe ni.

Direban Dare:
Hajiya barka. Anti Nas, wannan gwajin, ba wai zan yi ba, wani abokina ne ke tambaya. Sai mutum bai ci komai ba ake zuwa?

Anti Nas:
Ka gaya wa abokin naka na bahaya ba ruwansa da ci ko rashin ci. Na numfashi ne ake zuwa da ciki babu komai na wasu awoyi, wurin gwajin za su faɗa masa nawa. Ya kuma tuna maganar omefrazol, mako 2.

Direban Dare:
Ya ji. Ya ce a tambaya ko madara tana ɓata gwajin, don shi rage ta ya yi, bai bari ba.